Me Kundin Tsarin Mulki Ya Tanadar wa Ƙabilun Ƙasar Zuru?

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau maganar doka za mu yi. Kada wanda ya ji an ce doka ya murɗa rediyonsa ya ce wannan ta lauyoyi ce, domin gonarka muke nufi, da harshen da kakarka take yi maka tatsuniya da shi, da takardar da ɗanka yake nema a sakatariya kafin a ɗauke shi soja.

Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ce: Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba. A cikinsu akwai Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai Fakkawa, Dukkawa, Kambari, Acifawa, Bangawa, Gelawa da Kelawa, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe a nan. Kundin tsarin mulkin 1999 yana da sashe 320, kuma babu ko ɗaya da ya kira sunan wata daga cikin ƙananan ƙabilun nan. In ban da Turanci, harsuna uku kaɗai ya ambata, Hausa da Ibo da Yarbanci, a sashe na 55, inda yake maganar harshen da za a yi muhawara da shi a Majalisar Tarayya. To, in bai san sunanmu ba, da me ya kare mu?

Amsar tana da tarihi. A 1957, ana dab da samun 'yancin kai, ƙananan ƙabilu a Arewa da Gabas da Yamma suka ta da murya cewa in Bature ya tafi, manyan ƙabilu za su danne su. Gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti ƙarƙashin wani lauya, Henry Willink, ya zagaya ƙasa ya saurari koke. Da yawa daga masu koken jihohinsu na kansu suka nema. A rahotonsa na 1958 kwamitin bai goyi bayan haka ba. Abin da ya ba da shawara shi ne a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam a cikin kundi, ta yadda kowane ɗan ƙasa, ko ƙabilarsa ba ta cika ƙauye guda ba, zai iya kai gwamnati kotu. Aka sa su a kundin 1960, kuma daga nan suka yi ta bin kowane kundi har zuwa Babi na Huɗu na wanda muke amfani da shi yanzu. A lokacin Willink, Zuru tana cikin Lardin Neja. A 1976 aka bar ta a Jihar Sakkwato, a 27 ga Agusta 1991 ta shigo Kebbi. An yi ta sauya mata gida, amma tsarin nan na Willink bai sauya ba: doka ta san mutum ɗaya ɗaya, ba ta san al'umma a dunƙule ba.

Bari mu fara da abin da mutum ɗayan yake da shi, domin ba ƙarami ba ne. Sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan Najeriya wani abu, ko a fifita shi, saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, garin asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da sauya shi, kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi a makaranta ya halarci ibadar da ba ta addininsa ba ce ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. A ƙasar da za ka shiga gida ɗaya ka tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya suna cin tuwo a kwano guda, wannan sashe ba na ado ba ne. Wanda aka taka wa ɗaya daga cikin waɗannan, sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu a jiharsa. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara da aka fitar a 2009 sun ma sauƙaƙa abin: ƙungiya ko wani mai kishin jama'a na iya shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta, kuma ba a cewa lokaci ya ƙure.

Matsalar tana wajen abubuwan da na jama'a ne gaba ɗaya. Ku saurari waɗannan alkawura uku. Sashe na 14, sakin layi na 4, ya ce gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su tsara muƙamansu da ayyukansu yadda za su nuna bambancin jama'ar da ke ƙarƙashinsu, kowa ya ji ana yi da shi. Sashe na 21 ya ce hukuma ta kare al'adun Najeriya ta kuma bunƙasa su. Sashe na 14, sakin layi na 2, ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Maganganu masu daɗin ji. Sai dai dukkansu suna cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6 ya ɗaure hannun alƙalai, ya ce ba su da hurumin sauraron ƙarar cewa gwamnati ta saɓa wa wannan babi. An ba ka akuya, an riƙe igiyar.

Ku duba yadda abin yake a aikace. Tun 1999 gwamnoni huɗu aka zaɓa a Kebbi, Adamu Aliero, Sa'idu Dakingari, Atiku Bagudu da Nasir Idris, dukkansu daga Masarautar Gwandu. Mafi girman abin da ya zo ƙasar Zuru a wannan layi shi ne kujerar mataimakin gwamna, kamar wadda Kanar Sama'ila Yombe Dabai ya riƙe daga 2015 zuwa 2023. Wannan bai saɓa wa kowace doka ba, ƙuri'a ce ta yi aikinta, kuma babu kotun da za ta ce a yi karɓa-karɓa. Na tsaro ya fi ciwo. A watan Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe sama da 60. Ƙasar da ta ba rundunar sojan Najeriya 'ya'yanta tun zamanin Turawa, har da babban hafsan sojan ƙasa, Janar Ishaya Bamaiyi, ita ce manomanta suka koma kwana a makarantu da gidajen 'yan'uwa a cikin garin Zuru. Duk da haka bazawarar da aka kashe wa miji ba za ta ɗauki sashe na 14 ta je gaban alƙali da shi kaɗai ba. Sai dai lauyanta ya jingina ƙarar da sashe na 33, na haƙƙin rayuwa, wanda ke cikin Babi na Huɗu.

Akwai 'yar kafa guda. In majalisa ta ɗauki wani alkawari daga Babi na Biyu ta mai da shi doka mai zaman kanta, to ya sami haƙora. Haka aka yi da rabon guraben aikin gwamnatin tarayya, aka kafa hukumar raba daidai, wadda ke karɓar koke in an ga wani yanki ya cinye kason wani. Darasin a fili yake: abin da ke Babi na Biyu, a zauren majalisa ake neman sa, a Birnin Kebbi ko a Abuja, ta hannun waɗanda kuka zaɓa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, mu zo kan ƙasa, inda nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne rashin sani ya fi cin mutane.

A 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Sashenta na farko ya damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana domin amfanin 'yan Najeriya. Sashe na 315 na kundin tsarin mulki kuma ya rungume ta, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Ma'ana, a idon doka, gonar da kakanka ya sare daji ya buɗe, ikon zama da amfani kake da shi a kanta. Wannan ikon kuwa na gaske ne. Sashe na 36 na dokar ya ce duk wanda yake noma wata ƙasa a karkara kafin 1978, a ɗauka tamkar ƙaramar hukuma ta riga ta ba shi izinin mallaka na gargajiya, ko da bai riƙe takarda ba. Ya ƙara da cewa in mai gona ya ga dama, ya kai wa ƙaramar hukuma zanen gonar ko bayanin iyakokinta, ya cika fom, in ta gamsu ta yi masa rajista. Mutum nawa ne a Sanci ko Bena ko Maga suka taɓa jin wannan?

A ɗauka wata safiya ka je gona ka tarar da baƙi da na'urar awo a kan ƙafa uku, wani yana kafa turakun siminti daga gindin ɗorawarka zuwa bakin rafi. Ka tambaya, aka ce daga sama ne. Me doka ta ce? Gwamna yana da ikon karɓar ƙasa, amma da sharuɗɗa. Dole ya kasance don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti ko makaranta. Dole a ba ka sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da aka ba izini. Kotun Ƙoli ta sha rushe ƙwacen da aka yi ba tare da sanarwa ta isa hannun mai ƙasa ba, da wanda aka yi don kawai a miƙa wa wani mai kuɗi. Sannan dole a biya diyya, kuma sashe na 44 na kundi ya ce a biya ba tare da jan ƙafa ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ba kuɗin ƙasar kanta ake biya ba, kuɗin abin da ke kanta ne: amfanin gona, itatuwa, gini, rijiya. Saboda haka ranar da masu ƙiyasi suka zo, kada ka aika yaro. Ka tsaya da kanka da shaidu biyu, a ƙirga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro ɗaya bayan ɗaya a gabanka, ka ɗauki hoto da waya, kuma kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ba.

In ƙasar ta al'umma ce, kamar makiyaya ko dajin gari, sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna zaɓi uku: ya biya al'ummar, ko ya ba shugabanta ya sarrafa bisa al'ada, ko ya zuba a wani asusu don amfaninsu. Iyayenmu masu sarauta, a gafarce ni, amma kuɗin da aka karɓa da sunan gari a ɗaki, shi ne ke raba zumuncin shekara ɗari. A karɓa a bainar jama'a, a faɗi adadinsa.

Maganar rajistar nan ta fi matsa wa waɗanda 'yan bindiga suka kora. Gona ta yi shekara uku ko huɗu ba a noma ta ba, kunyoyi sun baje, dattawan da suka san iyaka wasu sun rasu a gudun hijira. Ranar da aka koma, in Allah ya kawo zaman lafiya, wa zai ce daga nan zuwa nan na wane ne? Tun yanzu ya kamata kowane ƙauye da ke zaman hijira ya zauna da mai unguwarsa da dagacinsa, a rubuta gonaki gida gida, da maƙwabtan kowace gona ta gabas da yamma da kudu da arewa, a sa hannu, a ajiye kwafi a wurin hakimi da sakatariya.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma hukuncinsa daban. Zinariya da duk wani ma'adini na gwamnatin tarayya ne, ko a tsakar gidanka aka same shi, haka sashe na 44 na kundi ya ce. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta ba al'umma makamai biyu da ba a cika amfani da su ba. Na farko, kamfanin da ya sami lasisin haƙa ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen wurin kan abin da za su amfana da shi, irin su makaranta, ruwa, aikin yi da tallafin karatu, kuma a sake duba ta duk shekara biyar. Na biyu, dokar ta hana haƙa a wurin da jama'a suka ɗauka mai tsarki, ta hana sare itacen da suke girmamawa. Wuri irin Girmace, da duwatsun da kakanni suka zauna a kai, da maƙabartu, wannan tanadi ya shafe su. Sai dai wanda bai nuna wurin ba tun kafin katafila ta iso, kukansa zai zo a makare.

Al'ada ma haka take a gaban alƙali. Dokar shaida ta ɗauki al'ada a matsayin abin da mai da'awa zai tabbatar da hujja, sai fa wadda manyan kotuna suka riga suka san da ita. In rikici ya taso kan golmo, saurayi ya yi shekara da shekaru yana noma wa surukai sannan aure ya watse, ko kan gado, ko kan wanda ke da 'ya'ya, sai an kawo dattawa su yi bayani, ko littafin da mutanen suka yarda da shi. Dattawan nan kuwa ba dawwama za su yi ba. Sashe na 280 na kundi ya ba duk jihar da ke buƙata damar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada, kamar yadda sashe na 275 ya ba da damar kafa ta shari'ar Musulunci. Kaduna da Filato da Binuwai suna da ta al'adar. Batun Kebbi kuwa, tambaya ce da ta dace ku yi wa 'yan majalisarku na jiha. Kuma a sani, kotu ba ta karɓar al'adar da ta ci karo da kundi. A 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, da hujjar sashe na 42. Kare al'ada ba lasisin danne mata ba ne.

Harshe kuwa, kusan babu abin da ya tsaya masa. Sashe na 97 ya yarda majalisar jiha ta yi aiki da wani harshen jihar bayan Turanci in ta zartar da ƙuduri, iyakarsa ke nan. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da janye tsarin. Abin da ba ya cikin kundi, minista ɗaya ke kawo shi, wani ya ɗauke. Ga ni nan ma da Hausa nake muku wannan bayani, kuma yara da yawa a cikin garin Zuru sun fi sakewa da ita a kan C'lela, harshen Lelna. Babu dokar da ta hana uwa yi wa ɗanta magana da harshenta, babu kuma wadda za ta yi mata.

A wasu ƙasashe an bi wata hanyar. Indiya ta jera ƙabilunta na asali da sunayensu, ta ware musu kujeru a majalisa. Kundin Kenya na 2010 ya amince da ƙasar al'umma a matsayin nau'in mallaka mai zaman kansa. A 13 ga Satumba 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwa kan haƙƙin al'ummomin asali, ƙasashe 143 suka goyi baya, 4 suka ƙi, 11 suka ƙaurace, Najeriya na cikin masu ƙauracewar. Hujjar da ƙasashen Afirka da dama suka riƙe ita ce, a nahiyar nan kowa ɗan asali ne. Amma akwai yarjejeniya guda da ta zama dokarmu ta cikin gida tun 1983, wato Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam da na Al'ummomi. Ita ta san jama'a a dunƙule: haƙƙinsu kan arzikin ƙasarsu, kan ci gaba, kan muhalli mai lafiya. Da ita aka sami gwamnatin Najeriya da laifi a kan Ogoni a 2001, da ita mutanen Ogiek na dajin Mau suka kayar da gwamnatin Kenya a kotun Afirka da ke Arusha a 2017. A 2000 Kotun Ƙolinmu, a shari'ar Gani Fawehinmi da gwamnatin Abacha, ta tabbatar cewa kotunan Najeriya za su iya aiki da ita, ko da yake kundi yana sama da ita.

Akwai wata magana da ba kowa zai so ji ba, amma sai an faɗe ta. Takardar indijin da muke layi a sakatariya muna nema, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, hakimi ya buga hatimi, kariya ce ga ƙaramar ƙabila, domin ba don ita ba da gurbin Fakai ko Sakaba wani daga nesa zai cinye. Amma ita ɗin ce kuma ake hana wanda aka haifi kakansa a Zuru, don kawai an ce asalinsu Katsina ne, kamar yadda ake hana jikan sojan Zuru da aka haifa a Kaduna ko Legas. Kuma wanda yake ƙarami a Birnin Kebbi babba ne a gida. In Lelna suna kukan an mai da su saniyar ware a jiha, Ba'acife da Bafakke da Bafulatanin ruga suna da ikon tambayar yadda ake raba kansiloli da guraben aiki a ƙaramar hukuma. Sashe na 14 da muke karanta wa gwamna, shi ne kuma ya hau kan ciyaman.

Masu neman Jihar Kainji, wadda taron ƙasa na 2014 ya sa cikin jihohin da ya ba da shawarar a ƙirƙira, su san tsawon tafiyar. Sashe na 8 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi, sannan ƙuri'ar raba gardama da kashi biyu cikin uku, sannan amincewar mafi yawan jihohi, sannan kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya. Tun Yankin Tsakiyar Yamma a 1963, farar hula ba su sake ƙirƙirar ko ɗaya ba. A nema, ba laifi, amma kada jiran jiha ya hana rajistar gona.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, dukkansu suna da ofis a Birnin Kebbi, kuma kai koke wurinsu ba a biyan ko sisi. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, ku da kuke tara kuɗi duk shekara don bikin Uhola, ku ware wani abu a ɗauki mai awo da lauya, a zana makiyaya da maƙabartu da wuraren tsarki, a zauna da dattawa a rubuta al'adun aure da gado tun suna raye. Iyayenmu hakimai da dagatai, muna roƙo a fara wannan aiki kafin damina ta sauka.

 

(Kiɗan rufe shiri)